Wace kalma za mu ba "seizure" a takardar maganin damuwa?

Jama'a, a taimaka da shawara. Takardar da ke cikin kwalin maganin ciwon damuwa, in ta Faransanci ce sai ka ga "convulsions", in kuma kwalin ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa daga Najeriya sai ka ga "seizure". Mu da ke yi wa marasa lafiya bayani a nan Maraɗi, me za mu ce? 'Yan boko kan ce "kiriz" (kalmar Faransanci ta tashin ciwo farat ɗaya) su wuce, alhali ta asma kiriz ce, ta sikila ma kiriz ce.

Da na fara yin wannan tambaya, yawancinku kun ce farfaɗiya. Ban yarda ba, ga dalilina. Farfaɗiya cuta ce zaunanniya, likitoci kan tabbatar da ita ne in abin ya bugi mutum aƙalla sau biyu, da tazarar fiye da awa 24, ba tare da wani abu ya tsokano shi ba. Wanda magani ya kayar sau ɗaya bai shiga wannan sahu ba. Sannan kun san nauyin sunan a garin nan. Ka ce wa uwa "maganin 'yarki yana kawo farfaɗiya", kafin magariba ƙwayoyin suna cikin masai, don tana tuna masu gudun yawun mai faɗuwa da masu fasa aure. Cutar ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, amma wa zai tsaya jin wannan?

Kuma hatsarin bai kai girman tsoron ba. Maganin damuwar da ya yi ƙaurin suna shi ne bupropion: an amince da shi a Amurka a 1985, aka janye shi a 1986 saboda wannan matsala, ya dawo a 1989 da sharaɗin kada a wuce miligiram 450 a yini. A wannan ma'auni, kusan mutum 4 cikin 1,000 abin ke samu. Tsofaffin magunguna irin su Laroxyl da Anafranil sun fi yin ɓarna in an sha fiye da ƙima. Su Prozac da sertraline kuwa hatsarinsu kaɗan ne ƙwarai in an bi yadda likita ya rubuta.

Baba da ya kawo shawarar a ce "bugun iska", Allah ya ƙara girma, amma da wannan sunan gidan mai ruƙiyya za a nufa da yaro, ba asibiti ba. "Suma" ita kaɗai ma ba ta isa ba, yunwa da zafin rana duk suna sumar da mutum.

Hajiya ungozoma ta ce jijjiga, tunda da ita suke kiran ta masu ciki da ta yara masu zafin zazzaɓi. Nan na fi karkata. Sai dai, Hajiya, akwai tarko. Takardar nan ta lissafa rawar hannu daban, kuma ita ta fi yawa nesa ba kusa ba. In muka ce jijjiga kawai, wanda shayi ke ɗan zuba daga kofinsa da safe zai ɗauka abin ne ya same shi. Wannan kyarma ce. Abin da muke nufi shi ne mutum ya yanke jiki ya faɗi, ya sandare, gaɓoɓi su shiga fizga, wani lokaci ya ciji harshe ko fitsari ya kuɓuce masa, ya farfaɗo bai san me ya faru ba.

Don haka ga abin da na tsayar: jijjigar suma. Farfaɗiya ta zauna sunan cuta, kyarma ta zauna ta hannu. Na san akwai nau'in da mutum kan ɗauke na 'yan daƙiƙu ba fizga, amma wanda magungunan nan suka fi kawowa mai fizgar ne.

A baki zai fita haka: "Malam, maganin nan kan kawo jijjigar suma ga mutane ƙalilan. In kana da farfaɗiya, ko kana shan tramol, ko ka bar giya ko valium kwanan nan farat ɗaya, faɗa wa likita tun yanzu." Tramol ɗin nan a nanata shi, shi kaɗai ma yana kayar da samari, balle an haɗa. In ta faru a kwantar da mutum ta gefe, ban da cusa cokali a baki, in ta wuce minti 5 a yi asibiti da shi. Ko sau ɗaya ce a koma wurin likita kafin a sake sha.

Mutanen Damagaram da Katsina, a kunnenku ya ta zauna?