Wane suna za mu ba ruwan da ke fitowa da zafinsa daga ƙasa?

Jama'a, sallama. Ina neman masu kunnen Hausa. Ina rubuta wa ɗalibanmu takardar tafiya Yankari, da na iso kan abin da Turawa ke kira "hot spring" sai alƙalami ya tsaya cak. Tattakin daji da za su yi bai ba ni wahala ba, tattaki dai tattaki ne. Ruwan ne ya gagara.

Wanda bai taɓa zuwa Wikki ba, wato ruwan da ke cikin dajin Yankari, ga yadda yake. Ruwa ne ke fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau, kana tsaye a ciki har wuya kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, kuma lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. Na shige shi da asubar hunturu, haƙora na kaɗawa, tururi kwance a kansa kamar an buɗe tukunya. Da na fito, gwaggon biri ya riga ya yi gaba da burodina. Wannan kuma labarin wata rana ne.

Abin da ya fara zo mini shi ne "ruwan zafi". Ba ma ni na ƙirƙira ba, a Lamurde ta jihar Adamawa akwai irin wannan wuri da ake kira Ruwan Zafi. Amma ku gwada rubuta "za mu je ruwan zafi" ku miƙa wa uwar yaro. Wata za ta zaci teburin mai shayi ake nufi, wata kuma wankan jego ne zai faɗo mata a rai, da garwa a kan murhu da ganyen darbejiya. A matsayin sunan wuri ya zauna daram. A matsayin kalma kuwa, kayan da aka ɗora masa sun riga sun yi yawa. Ga shi kuma bai nuna cewa ba wanda ya hura wuta ba, alhali nan ne abin mamakin yake.

Da na fara tambayar mutane, wani malamina ya aiko da "maɓuɓɓugar ruwan zafi". Allah ya gafarta Malam, ba a ja da kai, ma'ana ta fita tsaf, haka ma 'yan jarida ke rubutawa. Sai dai doguwa ce, kuma maɓuɓɓuga ta daɗe da komawa kalmar lacca: maɓuɓɓugar ilimi, maɓuɓɓugar arziki. Yaron da ya gaji da tafiya ba zai tambayi ɗan rakiya saura nawa a kai maɓuɓɓuga ba.

"Idon ruwa" kuma? Ina son sa, amma ido ƙarami ne. A kunnena ramin da ake tona a yashin rafi ne, a jira ya taru a kwalfa da ƙoƙo. Wikki kuwa faɗinsa ya kai mita 13, manya ke iyo a ciki.

Sai wata Hajiya daga Ningi ta rubuto layi ɗaya: "Ɗana, marmaro fa?" Wallahi kunya ta kama ni. Kalmar kakata ce. Marmaro shi ne ruwan da ke ɓulɓulowa da kansa daga ƙasa ko gindin dutse, ba tono, ba guga. Duk abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa yana cikinta. Saura kawai a faɗi yanayinsa.

A nan aka ɗan yi gardama, kuma ta yi amfani. Wani ɗan uwa daga Agadas ya ce kada mu yi wa duka kuɗin goro, domin Tafadek da ke cikin duwatsun Azbin, inda masu ciwon gaɓɓai ke zuwa su kwana biyu suna wanka, ba ɗumi ba ne, zafi ne na gaske, sai an shiga a hankali. Gaskiyarsa. Jikin mutum digiri 37 ne, Wikki bai kai nan ba, shi ya sa za ka yi awa guda a ciki ba ka ji komai ba. Tushensu dai ɗaya: ruwan sama ne ke nitsewa can ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, ya ɗumama, ya sami tsaga a dutse ya dawo sama. Wanda ya fi nitsewa da zurfi ko ya fi saurin hawowa shi ya fi zafi. Mu kuma da ma muna da ɗumi, muna da zafi, ba sai mun aro ba.

To ni dai ga inda na tsaya: marmaro mai zafi ga irin na Tafadek da Lamurde, marmaro mai ɗumi ga Wikki da Ikogosi ta jihar Ekiti, inda mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa. Jam'insu ban matsa ba, a ce wuraren marmaro mai zafi ya wadatar.

Wani ya so a gajarta zuwa "marmaron zafi". Na faɗa da baki sau uku, bai zauna mini ba, kamar zafin ne ke ɓulɓulowa ba ruwa ba. Idan bakin mutane ya gajarta shi nan gaba, ba ni da ta cewa.

Na gwada a kan ƙanwata ba tare da wani bayani ba. Na ce mata yara za su yi wanka a marmaro mai ɗumi. Ta ce, "Yaya, a dajin? Wa ke dafa shi?" Na ce babu. Ta yi shiru, can ta tambaya ko akwai sauran wuri a motar.