Wata takwas bayan suna: shagwaɓa ce, iska ce, ko ciwo?

Yaya Babba: Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya na leƙa unguwar Karkada wurin Auta. Tuwon da na aika mata shekaranjiya na tarar da shi a kwano ya yi ɓawo. Yaron yana tsala kuka bisa tabarma, ita kuwa tana bakin gado ta ƙura wa bango ido. Wata takwas ke nan da haihuwa. Na ce a kai ta likita ko ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, Gwaggo ta ce sai an yi shawara. To ga shawarar.

Gwaggo: Na faɗa kuma ina ƙarawa, wannan ciwon damuwar da kuke ta ambato ba namu ba ne. Na Turawa ne, inda mace ke haihuwa ta koma ɗaki ita kaɗai. Auta gida ta zo goyon ciki. Ni na dafa mata ruwan wanka safe da marece har kwana arba'in, da tsadar icce da ta ƴan ga-ruwa a garin nan. Kunun kanwa bai yanke ba, naman suna ta ci. Da me aka rage ta? Haihuwata tara, ban taɓa zama kallon bango ba. In ba shagwaɓa ba ce, iska ce, a nemo malam.

Ungozoma: Gwaggo, Allah ya saka miki, kowa ya ga hidimarki. Amma ki ba ni dama, aikina ne. Da mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe cikin nan wata tara sukan faɗi ƙasa cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa yawancin masu jego ke kukan da ba su san dalilinsa ba daga kwana na biyu ko na uku, ya wuce da kansa kafin sati biyu. Wanda ya zarce haka, mace ta daina ci, barci ya ƙaurace mata ko da yaro ya yi barci, ta riƙa ganin ba ta da amfani, wannan ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irinsa bayan haihuwa. A duniya gaba ɗaya kuwa wajen 13 cikin 100 ne. Kin ga ashe mu ya fi kamawa.

Gwaggo: Su suka zo Birni suka ƙirga mu?

Matar Yaya: Ni dai ina bayan Gwaggo, ko da dalilina daban. Ɗan fari ne fa. Wace ƴar Damagaram ce za ta rungume ɗan fari tana masa wasa gaban manya? Kunya ce. Sannan ku duba gaba. Ranar da aka gan ta a layin masu taɓin hankali, kafin la'asar dangin miji sun ji, sunan mahaukaciya ya bi ta ke nan, har ɗan ma a goranta masa. Wa zai wanke ta?

Yaya Babba: Mai kunya in ta rufe ƙofa tana shinshinar ɗanta. Kuma kunya ba ta hana cin tuwo. Auta ta rame har zoben hannunta ya faɗa cikin ruwan wanki ba ta sani ba.

Malama: Kada mu sa addini gefe guda, likita gefe guda. Nana Maryam da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, yana cikin Suratu Maryam aya ta 23. Ba a ce mata ta rasa imani ba. Cewa aka yi kada ta yi baƙin ciki, ta ci, ta sha. A yi mata addu'a da tofi, a kuma nemi magani. Amma hayaƙi a rufaffen ɗaki da jariri, ko duka da sunan fidda iska, ban yarda ba.

Ungozoma: Matar Yaya, tsoronki gaskiya ne, na sha ganinsa. Ba can za a fara ba. Awo za a fara yi mata, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo bayan haihuwa suna kawo irin wannan mutuwar jiki. Akwai kuma tambayoyi 10 da ake yi wa mai jego a gane zurfin abin. Wata zama da mai sauraronta da samun barci sun ishe ta, wata sai an haɗa da ƙwaya, kuma akwai wadda mai shayarwa ke sha ba a yaye yaro ba, sai dai takan yi makonni kafin a ga aikinta. Wanda ba a kwana da shi shi ne mace ta fara jin muryoyi, ko ta ambaci kashe kanta ko cutar da jariri. Wannan ko tsakar dare ne a ɗauke ta.

Auta: Ina karanta saƙonninku tun ɗazu. Gwaggo ki yafe mini, ba raina wahalarki na yi ba. Ina son yaron nan. Cikin dare sau biyar, sau shida nake tashi in sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. In gari ya waye ya yi kuka, sai in ji kamar ɗan maƙwabta ne aka ba ni ajiya. Kowa ya shigo tambayarsa ɗaya, yaya yaro, nono ya ishe shi? Sai in ce alhamdu lillahi. Rubutun da aka kawo na sha duka. Muryoyi ba na ji, amma na gaji da kaina.

Ungozoma: Auta, ɗauki waya, ni ce ke kira. Gobe da safe zan zo da adaidaita mu tafi tare. Yaya Babba, ki kwana wurinta yau, mijinta kuma ni zan yi masa bayani.

Matar Yaya: In an tambaya a ce awon jini ta je.

Gwaggo: Ni har yanzu ban yarda ciwon Turawa ya shigo gidanmu ba. Ku je ku dawo, rubutun jibi kuma za ta sha shi. Yaron dai a kawo mini shi bayan isha'i, ai ya fara shan koko. Ita ta kwanta.