Ɗan yayana yana son ya rayu da busa ba tare da albashi ba, ina neman shawara

Baffan yaro, Yelwan Yawuri

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na kwana biyu ina juyawa ni kaɗai, na ga gara in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace da wanda ya san hanya.

Yaron ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya tashi tun yana shekara 7, yanzu yana da 19. A sakandare ya shiga 'yan badujalar makaranta, shi ke busa bigila a faretin 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba. Na ɗauka abin yarinta ne. Yana aji biyar aka turo musu wani ɗan bautar ƙasa, ya koya masa karanta rubutun kiɗa, ɗigo-ɗigon nan da ake jerawa a kan layi biyar, da zai tafi kuma ya bar masa tsohon tarampet ɗinsa, wato kakakin Turawa mai maɓalli uku. Tun daga nan, da ya sallame asuba sai ya gangara bakin kogi, can gaba da inda masunta ke ɗaure jirage don kada ya dami maƙwabta, ya yi ta jan sauti ɗaya yana maimaitawa har rana ta ɗaga. Abin da yake saurare a waya kiɗan Turawa ne na dā, wanda mutum saba'in ko tamanin ke zama su yi tare. Akwai wani na Haydn da ya ce tun 1796 aka rubuta shi domin tarampet, na ji shi har farkonsa ya zauna mini a kai.

Burina ya tafi kwalejin ilimi ta Argungu ya fito malami. Da ya nuna ba nan zuciyarsa take ba, na ce to ya nemi badujalar soja ko ta 'yan sanda, akwai albashi akwai fansho. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ba fareti nake so ba. So nake in iya sosai, a riƙa kirana in busa a biya ni."

Ina ake koyon wannan abu a ƙasar nan? Shekara nawa yake ci? Kuma tsakani da Allah, yana riƙe magidanci? Yaron nan amana ne a wuyana. Ba na son in kashe masa zuciya, ba na kuma son in tura shi inda zai wulaƙanta.

Ɗan Zuru mazaunin Legas

Malam, barka da ƙoƙari. Sana'ata ke nan shekara 14, kuma tarampet ɗin nake busawa, don haka zan faɗa maka yadda take ba ƙari.

Ni a badujalar yaran coci na fara a Zuru. Matakin farko da aka saba bi shi ne jarrabawar ABRSM, wata hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, daraja ta 1 zuwa ta 8. Ba a barinka ka wuce ta 5 a busa sai ka ci ta 5 a ilimin rubutun kiɗa ko makamanciyarta. Tun 2020 akwai wadda ake ɗauka a bidiyo a tura, to yaro na iya yi daga Yawuri, sai dai kuɗinta da nauyi saboda canji. Bayan nan akwai makarantar koyon kiɗa ta MUSON a Onikan, nan Legas. Ƙungiyar da ta kafa ta tun 1983 take, suna da difloma ta shekara biyu, gidauniyar MTN kuma ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Sai ka busa a gabansu sun ji kafin su ɗauke ka. In digiri yake so, jami'ar Nsukka na da tsohon sashen kiɗa.

Amma abin da ya fi gaggawa malami ne. Tarampet leɓe ne da numfashi. Yaron da ya shekara uku yana koyo shi kaɗai a bakin kogi zai iya saba wa ɗora bakin busa a karkace ko danna shi da ƙarfi, kuma gyaran wannan ya fi koyon farko wuya. Ni sai da na yi wata takwas ina warware abin da na koya wa kaina.

Batun ci da sha kuwa, ga inda gizo ke saƙar. A babbar ƙungiya za ka ga masu gogen Turawa kusan talatin, masu tarampet biyu ko uku. Kujerun kaɗan ne, masu su kuma ba sa tashi. Duk ƙungiyoyin da na yi wa busa, kira ake yi in akwai wasa: gwaji kwana uku ko huɗu, wasa dare ɗaya, a sallame ka. Disamba ba na samun barci saboda aiki, Fabrairu kuwa waya ko ƙara ba ta yi. Akwai kamfanin da na yi wa busa a taron cin abincinsu, sai bayan wata huɗu kuɗina ya fito, ina ta sintiri. Abin da ke biya mini haya a gaskiya koyarwa ce: kwana uku a mako a wata makarantar kuɗi, da yara biyar da nake bi gida-gida. Ranar da leɓena ya fashe ko zazzaɓi ya kwantar da ni, ba mai biyana ko sisi.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ku tattauna a gida tun yanzu: kaso mai yawa na aikin da ake biya a coci yake, da ɗaurin aure da jana'iza na Kirista. Ina da abokan aiki Musulmi, wasu na karɓa wasu ba sa karɓa, waɗanda ba sa karɓa sun fi dogara da koyarwa da tarukan ofisoshin jakadanci a Abuja. Duk da haka ban taɓa nadama ba. Daren da na fara tashi ni kaɗai na busa, mutum sittin na biye da ni a baya, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Jikan makaɗa, Maradun

Malam, ni ban san kiɗin Turawa ba, amma wagga magana ta ɗan'uwanmu na Zuru ba baƙuwa ta ba a wurinmu. Gidanmu kotso munka gada.

Wanda duk ka ji ya shahara, bayan wani yat tsaya tukuna. Musa Ɗanƙwairo wurin mahaifinshi Usman Ɗankwanda yat tashi, sannan yay yi shekaru yana Daudun kiɗi, wato mataimaki, ga yayanshi Kurna, kahin ya ja tashi ƙungiya har ta kai shi ga Sardauna. Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya, bai zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi rana ɗaya ba. Ku nan Yawuri kun ga Sani bayan Aliyu Ɗandawo. Ni kaina shekara tara ina amshi, ina ɗaukar kaya, ina ɗaure hwata, ba a ba ni baki na ja waƙa ko sau guda ba. Cikin amshin nan ne kunne ka buɗewa, ka san inda za ka shiga da inda za ka yi shiru.

Kuma tun can makaɗa iri biyu ne. Na hwada yana da ubangida: doki, riga, hatsi, wani lokaci gona ko kujerar Makka, amma ba ya yi ma wani waƙa sai da izini. Na jama'a shi ad da kanshi, yana bin biki da kasuwa da gayyar noma, ranar samu ya raba da 'yan amshi da sanƙira, ranar rashi su kwana haka nan. Ɗanka na biyun yaz zaɓa. Abin da kakana ya riƙe, ko wane iri kake, damina ta same ka a gona. Mu ba mu taɓa sakin kwashe ba, shi ya sa da sarakuna sunka rage kyauta ba mu watse ba. Ka samo mai malamin da zai tsaya bayanshi ya koya, ka kuma ga ya riƙe wani abu na biyu a hannu.

Maman 'yan biyu, Gusau

Baffan yaro, ni ta wajen iyali zan yi magana, don ƙanena mawaƙi ne. Sau biyu ana hana shi mata, ba don hali ba, don kawai an ce maroƙi ne, alhali bai taɓa roƙon kowa ba. Mutanenmu ba za su bambanta mai busa da takarda a gabansa da mai bin gidan biki ba. Ka gaya wa yaron wannan da bakinka tun kafin ya ji a waje. In zai tafi Legas kuma, a san gidan wa zai sauka da wanda zai riƙa tambayarsa ko ya yi salla. Takardar koyarwar nan kada a raina ta, ai ka ji wanda ke cikin sana'ar ma da ita yake biyan haya.

Baffan yaro, Yelwan Yawuri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta masa duka, har maganar coci da ta aure, ban tsallake komai ba. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni ko zan yarda ya yi kwalejin Argungu yana shirin jarrabawar daraja ta 5 a lokaci guda, in ya gama ya je gwajin Legas sau ɗaya. Na ce na yarda, kuɗin jarrabawar kuma in an sayar da shinkafar bana za a cire.

Ɗan'uwa na Zuru, maganar leɓen nan ta tsaya mini a rai, don na lura in ya daɗe yana busa wani jan zobe na fitowa a leɓensa na sama, ya fi karkata hagu. Gobe da asuba zan bi shi bakin kogi in ɗauke shi a waya, ta gaba da ta gefe. In ba damuwa zan turo maka ka duba mana.