Albam da rok: mu tsayar da sunansu da Hausa kafin mu ci gaba da musun 1991

Ɗan Kurna:
Salam jama'a. Wannan musun da muke ta yi na wane aikin kiɗan rok na Turawa ne ya fi kowanne a shekarar 1991, na lura rabin rigimar daga suna take tasowa. Wani ya rubuta albam, wani faifai, wani kaset, wani kundi, kuma wlh ba abu ɗaya muke nufi ba shi yasa muke ta kewaye a wuri guda. Wanda ya ce faifan ƙungiyar Metallica ya fi, in ka bi shi a hankali sai ka tarar ciniki yake nufi, kwafi nawa aka sayar. Wanda ya ce kaset ɗin ƙungiyar Guns N' Roses, yawanci waƙa biyu ko uku ce ta zauna masa a rai, sauran ko sunansu bai riƙe ba. Ni kuma da nake cewa Nevermind na ƙungiyar Nirvana, aikin nake nufi gaba ɗayansa tun daga waƙar farko har ta 12, yadda aka jera su da yadda wannan take miƙa ka ga waccan.

Ni dai kundi nake so mu tsayar, kuma ga dalilina. Su kansu Turawan ba don kiɗa suka ƙirƙiri kalmar albam ba, littafin liƙa hotuna ne. A zamanin garmaho faifai ɗaya minti uku zuwa huɗu yake ɗauka a kowane gefe, to in kiɗa ya yi tsawo sai a raba shi a fayafayai da yawa, a zuba su a wani abu mai bango kamar littafi, kowane shafi aljihu ne na faifai guda, sai ya yi kama da albam ɗin hoto, sunan ya bi shi. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan da yake ɗaukar sama da minti 20 a gefe ɗaya, aka daina buƙatar littafin amma sunan ya zauna. To abin da aka tattara aka ɗaure wuri ɗaya da bango, meye sunansa a wurinmu in ba kundi ba? Dan Allah masu ilimin harshe ku sa baki.

Kawu Bakatsine:
Ɗana ka yi bayani mai kyau amma ban yarda a ture faifai ba. Mu mun ga garmaho da idonmu, mun ga yadda ake ɗora allura a hankali kar ta karce shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa kundin Shata ko kundin Ɗan Maraya, faifai ake cewa. Kalmar nan ta yi tafiya mai nisa, daga faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi suna sheƙe tsaba, ta koma na garmaho saboda da'irarsa, ta koma sidi, yau har hoto mai motsi na cikin waya faifan bidiyo ake ce masa alhali babu wani abu mai da'ira a wurin. Kalmar da ta iya wannan tafiyar za ta iya ɗaukar albam. Kundi kuma in ka faɗa, ni takardun malam nake gani a jakar fata, ba kiɗa ba.

Ɗan Kurna:
Kawu Allah ya ƙara girma, ai wannan tafiyar da ka lissafa ita ce matsalar. Faifai ya yi faɗi da yawa yanzu, bidiyon daƙiƙa 30 faifai ne, waƙa ɗaya tal da aka saki faifai ce, to in na ce faifan Nirvana wa ya san ko waƙa ɗaya nake nufi ko duka 12. Sannan Nevermind ya fito a faifan garmaho, ya fito a kaset, ya fito a sidi, yau kuma yana cikin waya, mazubi huɗu kenan amma aikin ɗaya ne. Faifai kwano ne Kawu, mu kuma kan tuwon muke musu. Ga kuma The Wall na Pink Floyd na 1979, fayafayai biyu ne a bango ɗaya kuma labari ɗaya suke bayarwa daga farko har ƙarshe, in muka ce faifai wanne daga ciki?

Malama 'Yar Zariya:
Na goyi bayan kundi. Akwai diwani da muke amfani da shi a nazarin waƙa amma shi ya fi dacewa da rubutattun waƙoƙin sha'iri, sau da yawa ma na tsawon rayuwarsa, ba zai hau aikin da aka shiga sutudiyo aka yi a wata biyu ba. Kundi kuma ya riga ya fita daga jakar malam tuntuni Kawu, muna cewa kundin tsarin mulki, kundin digiri, kundin tarihi, kuma masu labarai a rediyo suna cewa kundin waƙoƙi ba wanda yake tambaya me ake nufi. Ga sauƙin sarrafawa, namiji ne, jam'insa kundaye, ya saki sabon kundi, kundinsu na biyu, kundayen 1991. Gwada jam'in albam ka ji, albam-albam ko albamomi, baki ma ba ya so. A bar albam wa hotunan biki inda ya riga ya zauna.

Bagobiri mai Metallica:
Toh ni da na shigo da niyyar kare faifai ne, amma aikin da nake karewa shi da kansa ya fi son kundi. Aikin Metallica na 12 ga Agusta 1991 ba shi da wani suna sai sunan ƙungiyar, bangonsa baƙi ƙirin ne sai sunan nasu da ɗan maciji a naɗe a kusurwa da sai ka karkata shi a haske za ka gani da kyau, shi yasa duniya take kiransa da launinsa. In na ce baƙin faifai ban ce komai ba tunda fayafayan garmaho dama baƙaƙe ne. In na ce Baƙin Kundi kuwa, ya zauna daram, har wani kwarjini ya ƙara.

Kuma tunda an zo nan, Baƙin Kundi ne na ɗaya a 1991 ba na janyewa. Wata takwas da ɗoriya suna sutudiyo da furodusa Bob Rock, suka rage gudun da aka san su da shi suka ƙara nauyi, ganguna suna dukan ƙirjinka kamar a ɗakin kake. Yana fitowa ya hau lamba 1 a jadawalin Billboard na cinikin waƙoƙi a Amurka ya yi mako huɗu a can, a Amurka kaɗai ya haura kwafi miliyan 16, kuma a ƙarshen Satumbar shekarar suka yi wasa a filin jirgin Tushino na Mosko gaban jama'ar da ido ba ya iya ganin ƙarshensu, ana saura 'yan watanni Tarayyar Sobiyet ta ruguje. Waƙa 12 ne shi ma kuma ba wadda nake tsallakewa.

Ƙanin kowa:
Yayye na ni tambayata kan ɗaya kalmar ce, rok ɗin fa? Ba dutse yake nufi ba? Me zai hana mu ce kiɗan dutse kawai, ai yana da daɗin faɗa kuma kiɗan ma da tauri yake.

Malama 'Yar Zariya:
A'a ƙanena, kalmomi biyu ne da suka yi kama a rubutu. Wanda yake cikin sunan kiɗan aikatau ne, girgizawa ko jijjigawa, irin yadda jirgin ruwa yake tangaɗi ko uwa take jijjiga jariri. Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe suna amfani da shi a waƙoƙinsu kafin wani mai gabatar da shiri a rediyo, Alan Freed, ya yaɗa sunan daga birnin Cleveland a farkon shekarun 1950. In muka ce kiɗan dutse mun fassara abin da ba a faɗa ba, kuma yaran da za su zo bayanmu za su ɗauka gaskiya ne. In dole sai an fassara to kiɗan girgiza ya fi kusa.

Kawu Bakatsine:
Kiɗan girgiza ba zai yi ba Malama, wane kiɗa ne ba ya girgiza mutum? Kalangu ma yana yi, asharalle ma yana yi. Sunan kiɗa kamar sunan yanka ne, ba a fassara shi. Mun karɓi rege mun karɓi disko ba mu nema musu wani suna ba, su ma can in suna maganar kalangu ko kuntigi haka suke rubutawa da sunansu. A rubuta rok da harafinmu shikenan. A nan kam ba na ja.

Ɗan Agadas:
Ina gaisuwa manya. Mu a nan kiɗan da Bombino da Mdou Moctar suke yi, wanda jaridun Turai suke sakawa a layin rok, a gari sunan kayan kiɗan kawai ake kiransa da shi, a ce za a yi gita a bikin wane, kowa ya gane. To na so na ce ko kiɗan jita zai yi, amma da na sake tunani jita tana cikin kiɗa iri-iri da ba rok ba, har na coci da na Indiya. Don haka ni ma rok. Kundi kuma ya min, na gwada a bakina, kundin Mdou Moctar na 2021 Afrique Victime, ya tafi lafiya lau.

Hajiya daga Jos:
Kun bar ƙungiyar U2 a baya kamar ba su fito a shekarar ba. In dai kundi muka tsayar, ma'ana abin da aka tsara daga farko zuwa ƙarshe da niyya, to Achtung Baby na Nuwamba 1991 ya cancanci a saurare shi da kyau. Mutanen nan sun riga sun yi suna da wani salo, suka ajiye shi suka tafi sutudiyon Hansa a Balin a Oktoban 1990 daidai lokacin da Jamus biyu suke haɗewa, suka sha wahala har ƙungiyar ta kusa watsewa kafin aikin ya kama hanya, kuma kana jin wannan ɗacin a cikin waƙoƙin, na aure da cin amana da neman sulhu. Abin da kalmar kundi ta fitar min fili kuma shi ne Guns N' Roses sun faɗi a wannan ma'aunin. Ranar 17 ga Satumba suka saki Use Your Illusion kashi biyu lokaci guda, waƙa 30 cif, na biyun ya hau lamba 1 na farkon lamba 2, akwai manyan waƙoƙi a ciki ba musu, amma da sun tace sun bar 12 da yanzu wata maganar ake. Tari daban kundi daban.

Ɗan Kurna:
Hajiya wannan magana taki ta ƙarshe ita nake ta son faɗa tun farko. Kuma a kanta nake tsayawa kan Nevermind. Mutum uku ne kawai, Kurt Cobain da Krist Novoselic da Dave Grohl, suka shiga sutudiyon Sound City a Kalifoniya da furodusa Butch Vig, kamfaninsu DGC bai ma sa rai sosai ba, kwafin farko da aka kai shagunan Amurka bai kai dubu 50 ba. Ya fito 24 ga Satumba, rana ɗaya da Blood Sugar Sex Magik na Red Hot Chili Peppers, wata guda bayan Ten na Pearl Jam, ga Metallica da Guns N' Roses sun cika kasuwa, amma zuwa Janairun 1992 ya sauke Dangerous na Michael Jackson daga lamba 1, Michael Jackson fa, a lokacin da ko a ƙauye an san sunansa.

Amma ba cinikin ne hujjata ba, Bagobiri zai iya kawo nasa alƙaluman. Ku saurari yadda aka gina shi. Waƙa ta fara a hankali, bes, wato jita mai kaurin murya, da ganga kawai da murya kamar mai magana da kansa, sai amshi ya zo jita ta fashe, muryar ta tsage, sai kuma a koma shiru, haka ake ta ɗaga ka ana sauke ka. A kaset, gefen farko yana rufewa da waƙa mai jitar katako ba hayaniya, gefe na biyu ya buɗe da wadda ta fi kowacce hauka, sannan a rufe duka da wata mai sanyi da ake rerawa kamar raɗa. Wanda ya jera wannan ya san me yake yi, in ka ɗauke ɗaya ko ka sauya musu wuri sai ka ji wani abu ya goce. Baƙin Kundi ya fi shi tsabtar sauti na yarda, Achtung Baby ya fi shi zurfin kalmomi a wasu wuraren na yarda, amma bayan Nevermind kamfanoni suka bazama birnin Siyatil, yankin su Nirvana, neman masu irin wannan kiɗan, makaɗan rok masu tara gashi da kwalliya na shekarun 1980 kasuwarsu ta faɗi cikin ɗan lokaci, ba wani kundi a shekarar da ya juya akalar rok haka. Cobain ya rasu a Afrilun 1994 yana da shekara 27, kundi uku kawai suka yi a sutudiyo, wannan na tsakiyan shi ne bakandamiyarsu.

Bagobiri mai Metallica:
Yaya ban sauka daga kan Baƙin Kundi ba fa, juya akala daban inganci daban, wannan musun yana nan. Amma kan suna mun daidaita.

Malama 'Yar Zariya:
To ga abin da na ji mun tsayar. Kundi shi ne aikin, in ana tsoron ruɗani a ambaton farko a ce kundin waƙoƙi, daga nan kundi kawai. Faifai da kaset da sidi a bar su wa abin da ake riƙewa a hannu. Rok a rubuta shi rok. Kawu kai kaɗai muke jira.

Kawu Bakatsine:
Na karɓi kundi a rubutu 'yata, amma a baki in na ce faifan wane kar wanda ya gyara min, shekara da shekaru da shi na saba. Saura kalmar da za mu kira su Nirvana ɗin da ita, don ƙungiya tana min kama da ta 'yan kasuwa, a wurinmu kuma makaɗi ne da 'yan amshinsa, su kuwa waɗannan kowa da hannunsa a cikin aikin. Ku kawo shawara.