Watanni ukun farko a ƙasar waje: kowa ya faɗi abin da ya tarar

Ɗan Zariya a Leeds

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Satumba na ƙaratowa, kuma ƙannenmu masu shirin tafiya digiri na biyu da na uku tambayarsu ɗaya ce: idan na sauka, da me zan fara? Maganar neman gurbi da biza an yi ta har an ƙoshi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda mutum zai zauna da gindinsa bayan ya iso. Don Allah kowa ya kawo abin da idonsa ya gani, ban da an ce ka ce.

Ni zan fara da gida, don shi ya fi ba ni wuya. Kada ka tura wa kowa kuɗi daga Najeriya a kan ɗakin da ba ka gani ba, sai dai in na jami'a ne ko wani amintacce ya je ya duba maka. Masu gidajen haya da yawa za su nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, kai kuwa ba ka san kowa ba. A Ingila doka ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako 5 a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole mai gida ya sanya kuɗin a asusun kariya cikin kwana 30. Ranar da ka karɓi makulli, ɗauki hoton komai, har tabon da ke jikin kafet da tsagar gilashin taga, don da su za ka karɓo kuɗinka ranar tashi. Ka tambaya ko wuta da gas na cikin haya. Ka karɓi takardar shaidar ɗalibta daga makaranta don a cire ka daga harajin ƙaramar hukuma. Sannan ka yi rajista da likitan unguwa tun kana lafiya, tunda ka riga ka biya fam 776 na kowace shekara a wajen neman biza.

Maman Biyu, Serdang

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya saka da alheri.

Mu a Malesiya addini bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Kusan kowane gini akwai ɗan wurin sallah, abinci na halal ko'ina, kiran sallah yana shigowa har ɗaki. Sai dai su Shafi'iyya ne, liman yana bayyana bisimilla, kuma a Asuba yana ƙunutu da ƙarfi bayan ruku'u, kowa ya ɗaga hannu. Maigidana ya dawo masallaci ranar farko yana ba ni labari, daga baya muka saba.

Cikin makon farko za a tura ki gwajin lafiya, sannan a karɓi fasfonki don manna takardar ɗalibta. Ki riƙe kwafinsa da wasiƙar makaranta a jaka har ya dawo.

Abin da nake so mata masu zuwa da yara su ji shi ne wannan. A gida in za ki laburare, akwai kaka, akwai ƙanwa, akwai maƙwabciya. A nan babu. Makarantun kuɗi da 'ya'yan baƙi ke shiga suna da tsada, tallafin karatu kuwa ba da su aka yi lissafinsa ba. Akwai lokacin da hukumar da ta ɗauki nauyina ta jinkirta biyanmu na watanni, ga haya ga kuɗin makarantar yara. Abin da ya rufa mana asiri adashe ne da muka ƙulla mu matan Arewa na unguwar, da kuma karɓa-karɓa wajen riƙe yara: yau suna gidana, gobe gidan wata. Ki zo da abin da zai riƙe ku aƙalla wata uku ko da takardar tallafi na hannunki.

Ta fannin karatu, ki tambayi sashenku tun zangon farko muƙala nawa ake so ki wallafa a mujallun da ke cikin Scopus, wato rumbun da ke jera mujallun bincike da aka amince da su, kafin a bari ki kare kundinki. Mujalla kan riƙe muƙala watanni kafin ta ba da amsa, don haka wanda ya bari sai shekarar ƙarshe zai ƙara zango, ya ƙara biyan kuɗi.

Kayan miya kuma, kuɓewa ɗanya akwai ta a kasuwa. Kuka da daddawa da yaji ki taho da abinki.

Bakatsine a Aachen

Jamus ƙasar takarda ce, kuma kowace takarda tana jiran wata. Cikin mako biyu da shiga gida dole ka je ka yi rajistar adireshi, kuma ba za a yi maka ba sai da takardar da mai gidan ya sa wa hannu. Sai an yi wannan lambar harajinka za ta iso ta gidan waya. Don haka ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙu a ranar da ka tare, da irin rubutun da ke cikin fasfo. Idan babu suna, mai raba wasiƙa mayar da ita yake yi, kai kana zaune kana jira.

Lokacin da na zo, kuɗin da ɗalibi ke kullewa a asusun banki don shaidar zai iya riƙe kansa yuro 11,904 ne na shekara, ana sakar maka 992 duk wata. Haya da inshorar lafiya ne ke cinye yawancinsa. Wanda ya haura shekara 30 ba ya samun inshorar gwamnati a farashin ɗalibai, kuma yawancin malaman jami'armu da ke zuwa sun haura, to su yi lissafi da shi. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo.

Lahadi shaguna a rufe suke. Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa. Masallacin Bilal yana dab da jami'a, a can na fara sanin mutane. Kilishi kuwa kada a ɗauko, Tarayyar Turai da Birtaniya duk sun hana matafiyi shigo da nama daga ƙasashenmu.

Ƙanwarku daga Gombe

Yayyena sannunku da ƙoƙari. Ni na samu gurbin digiri na biyu a Coventry da ke Ingila, na biya rabin kuɗin makaranta. An ce mini idan na je zan yi aiki in biya sauran. Gaskiya ne? Kuma ina da ɗa ɗan shekara uku.

Ɗan Zariya a Leeds

Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, wannan lissafin ya jefa mutane da yawa cikin wahala. Awa 20 kawai doka ta ba ki a mako lokacin karatu, kuma wuce ta na iya janyo soke biza. Abin da za ki samu a sito ko gidan kula da tsofaffi zai biya haya da abinci, da wuya ya biya dubban fam na makaranta. Ki tuna abin da ya faru da naira: a farkon 2023 fam bai kai 600 ba a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Mun ga waɗanda aka rufe wa shafin karatu saboda bashi.

Batun yaro kuma, tun Janairun 2024 masu digiri na biyu na darasi ba sa zuwa da iyali. An bar wa masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ku zauna da maigidanki da Hajiya ku tsara wanda zai riƙe shi tun yanzu.

Malama a Glasgow

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ni ba kuɗi ne ya kusa mayar da ni gida ba.

Na iso ƙarshen Satumba. Zuwa Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna zuwa cikin ƴan awanni, ina ofis. In fita cikin duhu in dawo cikin duhu. Na kan wuni ban yi magana da kowa ba sai direban bas. Ni da na tashi a gidan da ba a raba kwano, sai ga ni ina cin abinci a tsaye gaban tukunya don zama ni kaɗai a tebur ya fi ƙarfina. In Mama ta kira, sai in wanke fuska in ce lafiya lau, don na san filin da aka sayar kafin in taho.

Ga kuma malamin da ke duba aikina. A gida mun saba malami ya faɗa, mu rubuta. Shi kuwa sai ya karanta abin da na kawo ya ce mene ne ra'ayina, me ya sa na yarda da wannan marubucin na ƙi wancan. Sai in sunkuyar da kai, don a tarbiyyarmu ba a musu da babba, ba a ma kallonsa ido cikin ido. Ashe shi yana ɗaukar shirun nan a matsayin ban yi karatu ba. Kuma ga bitar ƙarshen shekarar farko tana tafe, wadda a nan ake yanke ko mutum zai ci gaba.

Wata ƴar Sudan da ke shekarar ƙarshe ce ta lura da ni. Ta zaunar da ni ta ce in riƙa tura masa tambayoyina a rubuce kafin mu haɗu, in mun tashi kuma in tura masa imel na abin da muka tsayar da ranar da zan kawo. Ta ce in gaya masa kai tsaye cewa ba na barci. Ranar da na faɗa, bai yi mamaki ba sam. Ya rage mini aikin watan, ya nuna mini sashen kula da walwalar ɗalibai, inda ake ganin mai ba da shawara kyauta kuma a sirrance. Likita ya auna jinina ya ce bitamin D ya yi ƙasa. Dama hukumar lafiyarsu na shawartar kowa ya riƙa shan sa a kaka da hunturu, masu duhun fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara.

Ina roƙon ƙannena, wannan halin ba raunin imani ba ne. Ki yi addu'a, ki kuma je ki faɗa. Ranar Juma'a ki je babban masallaci ko da ba ki san kowa ba. Wadda ta ce ki zo gidanta cin abinci, ki je.

Maman Biyu, Serdang

Allah sarki Malama. Wallahi har na yi ƙwalla. Allah ya sa wahalar ta zama kaffara, ya ba ki sa'ar kammalawa.

Ɗan Maraɗi a Lyon

Amin. Mu ƴan Nijar harshe bai zame muna matsala a Faransa ba, takardu ne. Cikin wata uku da sauka sai ka tabbatar da bizarka ta intanet, in ba haka ba zamanka ya fita daga doka. Sabunta takardar zama kuma ka fara shi watanni kafin ta ƙare, don layin yana da tsawo. Wanda ba ya da mai tsaya mai wajen haya ya nemi Visale, tsarin da ke tsaya wa ɗan haya a wajen mai gida, kyauta ne ga ɗalibai. Gidajen abinci na CROUS, hukumar kula da walwalar ɗalibai, suna da rahusa ƙwarai, ni yuro 3.30 na riƙa biya da na zo, kuma kullum akwai kifi ko abincin da ba nama. Aiki kuwa awa 964 doka ta yarje wa ɗalibi a shekara.

Abin da za ka shirya ma shi: jami'ar gwamnati ba ta ware ɗakin sallah. Mata suna shiga aji da lulluɓinsu, don dokar 2004 da ta hana sanya alamun addini makarantun firamare da sakandare ta shafa, amma sallah sai ka nemi masallacin da ke kusa ka daidaita lokutanka. Unguwar Guillotière akwai mahauta Musulmi da shagunan kayan Afirka, har gero ana samu.

Tsohon ɗalibi, yanzu a Kano

'Ya'yana, na karanta duka, kuma ina da gyara ɗaya. Kowa na cewa a nemi 'yan'uwa, kuma haka ne, su za su tarbe ka a filin jirgi su ba ka bargo. Amma na ga waɗanda suka yi shekara huɗu a Malesiya da Ingila, gidansu na Hausawa, cefanensu da Hausawa, hirarsu siyasar gida, suka dawo da takarda ba su da abokin bincike ko ɗaya a waje. Bayan dawowata, kayan aikin da na samu na ɗakin gwaje-gwajenmu da gurbin da na samo wa ɗalibaina biyu duk ta hannun mutanen da muka riƙa shan shayi da su bayan taron ƙara wa juna sani ne. In sun gayyace ka wurin da ake shan giya, ka gaya musu dalilinka cikin mutunci, ka ce a haɗu a wurin shan kofi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Sannan a kiyayi satar rubutu. Ɗauko sakin layi a sauya kalma biyu, wanda wasu suka saba da shi, a can yana iya kai mutum gaban kwamiti, don jami'o'i da yawa kan bi da aikin ɗalibi ta Turnitin, manhajar gano satar rubutu. Jami'o'in suna da darasin koyar da rubutun ilimi kyauta, a shiga tun makon farko.

Ƙanwarku daga Gombe

Na gode Baba, na gode Yayyena. Na nuna wa maigidana abin da kuka rubuta, mun yanke shawarar in rubuta wa makaranta su ɗaga mini zuwa Janairu har mu haɗa sauran kuɗin. Malama, in na zo a tsakiyar sanyi, wace irin riga zan saya a nan kafin in taho?

Malama a Glasgow

Ki sayi guda ɗaya mai kauri a gwanjo wadda za ta kai ki daga jirgi zuwa ɗaki, da safa da safar hannu. Sauran ki bari sai kin zo, shagunan ƙungiyoyin agaji suna sayar da masu kyau da araha, kuma ki nemi wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi mai rufi. Ki sa siraran kaya biyu ko uku a ƙarƙashin abayarki, sun fi guda ɗaya mai nauyi riƙe ɗumi. Kafin ki nemi ɗagawar, ki tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko kwas ɗinki yana da shigar Janairu, da kuma abin da zai faru da kuɗin da kika riga kika biya, su ba ki amsar a rubuce.