Lasisin tuƙi na gida: ina yake aiki a ƙasar waje, kuma na tsawon wane lokaci?

Baban Ummi, Ɗambatta: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu bizar aikin direban gida a Saudiyya. A garinmu kuma akwai masu shirin shiga Nijar da mota, da wani yaro mai tafiya karatu Ingila. Kowa da abin da yake faɗa a kan lasisi. Don Allah waɗanda suka san kan abin su warware mana.

Tsohon direba, Wudil: Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Kafin a yi maganar waje, a fara duba katin da ke aljihu. Lasisi na gaskiya yana bin makarantar koyon tuƙi mai rajista, sai gwaji wajen VIO, jami'an duba motoci, a biya kuɗi, sannan mutum ya je da ƙafarsa ofishin hukumar kiyaye haɗura, FRSC, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Duk wanda ya miƙa wa ɗan tsakani hoton fasfo da kuɗi a tasha, aka kawo masa kati bai taɓa zama gaban na'ura ba, jabu ne ke hannunsa. A hanyar ƙauye zai iya wucewa da shi, amma ranar da wata ƙasa ta nemi tabbaci ba za a ga lambar ba. A shigar da lambar a shafin intanet na hukumar tun yanzu a gani.

Bayan ɗaukar hoto ana ba da takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito. Kada a yi tafiya da ita, a jira katin, kuma mai shirin daɗewa ya zaɓi na shekara 5 maimakon na 3. A duba rukuni: A na babur ne, B na ƙananan motoci, G na tirela. Mai B ba shi da hurumin hawa babbar mota ko a gida, balle a ƙasar mutane.

Sai suna, wanda ya fi komai kayar da mutanenmu. Fasfo ya ce Muhammad Sani Garko, lasisi ya ce Mohammed Sani, NIN kuma da wata ranar haihuwa daban. Ma'aikacin can bai san Garko sunan gari ba ne, mutum biyu yake gani. A daidaita takardun uku harafi da harafi kafin a sayi tikiti.

Wanda ake kira intanashinal kuwa ɗan littafi ne mai fassara lasisinka zuwa harsuna da yawa. Shi kaɗai ba ya aiki sai an haɗa shi da katin gida, galibi shekara 1 yake yi, kuma a gida ake yinsa kafin a tashi.

Ɗan Ringim, mazaunin Jidda: Gaskiya ne, Baba. A Saudiyya abin da ake dubawa shi ne baƙo ne kai ko mazauni. Mai ziyara yana iya tuƙi da lasisin waje ko intanashinal har shekara 1 daga ranar shigowa, ko zuwa ranar da lasisin ya ƙare, duk wanda ya riga. Mai igama kuwa, wato katin izinin zama, lasisin Saudiyya ake nema a wurinsa. Wanda ya shigo da bizar direba, kamar ƙanen Baban Ummi, an yarda ya yi tuƙi da na gida har wata 3, da sharaɗin an fassara shi da Larabci a ofishin fassara da hukuma ta amince da shi, kuma rukunin ya dace da motar da zai ja.

Cikin wata ukun nan zai yi komai. Da igama ta fito a buɗe masa Absher, manhajar hidimomin gwamnati ta intanet, domin kusan duk harkar Murur, wato 'yan sandan hanya, ta nan take bi. Ya je asibitin da aka amince da shi a gwada idonsa da rukunin jininsa, ya kama layi a makarantar tuƙi. Za su fara gwada hannunsa, su yanke masa adadin awannin da zai yi. Akwai jarrabawar alamomin hanya a kwamfuta, akwai ta mota. Direbobinmu sun iya sitiyari, amma fakin da baya, rashin ɗaura bel da mantawa da sigina su ke kayar da su. Lasisin ƙaramar mota riyal 40 ne a shekara, ana yin na shekara 2, 5 ko 10. Tun a kwantiragi a yi magana da kafili, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, kan wanda zai biya kuɗin makarantar, kada a bari sai an isa.

Motar ma da nata takardun: istimara, wato takardar rajistar mota, inshora, da shaidar fahas, wato gwajin lafiyar mota. Tunda motar maigida ce, ya yi masa tafwid a Absher, izinin cewa shi ke jan ta. Kyamarorin Sahir ba sa tsayar da kowa, saƙon tara kawai zai shigo waya, ta gudu, ko riƙe waya, ko tsallake jar danja. Idan an yi karo ba wanda ya ji rauni, kada ya bar wurin, kada ya yarda da sulhun baki. Ya ɗauki hotuna ya kira Najm, su ke raba laifi su rubuta rahoton da inshora za ta biya da shi. In da rauni sai 997 don motar asibiti.

Hajiyar Gezawa: Ɗana, to mai zuwa Umara fa? Wasu na cewa za su riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Makka da Madina su rage kuɗin hanya.

Ɗan Ringim, mazaunin Jidda: Hajiya, ki hana su. Bizar Umara ba ta ba da izinin aiki ba, kuma ɗaukar fasinja don kuɗi ba tare da izini ba laifi ne ko ga mai igama. Lokacin Hajji abin ya fi tsanani: wanda aka kama ya ɗauko marasa tasrihi, wato izinin Hajji, zuwa Makka yana fuskantar tara mai nauyi da kora daga ƙasar.

Alhajin kara, Maigatari: Mu nan bakin iyaka lasisin ba shi ne babbar matsala ba, takardun mota ne. Mai shiga Magarya ko Damagaram da mota mai lambar Najeriya ya riƙe na asali, ba kwafi ba: shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota, inshora da takardar kwastan. A ofishin duwan, wato kwastan na Nijar, za a ba shi lasefase, izinin shigar mota na ɗan lokaci. Ya karanta ranar ƙarewarsa da kyau, ya sabunta kafin ta cika, kuma ranar fita ya mayar a rufe, in ba haka ba a littafinsu motar tana cikin ƙasa har yanzu. Jandarma zai ce permi, kartigiris, asirans, wato lasisi, takardar rajistar mota da inshora. Nan intanashinal yake amfani, don akwai Faransanci a ciki. Zai haska lambar shasi ya gwada da takarda, harafi ɗaya ya saɓa mota ta kwana. In motar ba taka ba ce, ka zo da rubutaccen izinin mai ita da kwafin katin shaidarsa.

Inshorar gida ba ta tsallaka iyaka sai da katin Brown Card na ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a 1982 don biyan wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasa. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kafin a tashi a sa kamfanin inshora ya tabbatar katin ya haɗa da ƙasar da za a shiga. Kamaru da Chadi dama ba sa cikinsa, nasu na ƙasashen tsakiyar Afirka ne, Carte Rose. Kada a manta da katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Malama 'yar Haɗeja, Ingila: Ga mai zuwa karatu: lasisin Najeriya mai rai yana aiki wata 12 daga ranar da ya fara zama. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye, sai ya yi jarrabawa daga tushe. Zai nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasisi ta can, ya yi jarrabawar kwamfuta: tambaya 50, sai ya ci 43, da gwajin hango haɗari a bidiyo, maki 44 cikin 75. Sakamakon shekara 2 yake yi. Samun ranar gwajin mota yana ɗaukar watanni, ya fara da wuri. Wanda ya yi gwaji da mota mai atomatik ba zai ja mai giyar hannu ba. A hagu ake tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972, shataletale nan ne hannu ke ruɗewa. Inshora kuma dole ta ƙunshi shi direban. Aron motar aboki ba tare da ita ba tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi a lasisi.

Baban Ummi, Ɗambatta: Malama, an ce in ya zo hutu gida ya sabunta intanashinal, wata 12 ɗin za su dawo sabo?

Malama 'yar Haɗeja, Ingila: A'a Yaya, ba sa dawowa. Daga ranar fara zama ake ƙirgawa, hutu ko sabon littafi ba ya canza ta. In sun cika bai ci jarrabawa ba, ya zama ɗan koyo: sai da alamar L a mota, da mai kula da shi a gefe wanda ya kai shekara 21 kuma ya yi shekara 3 da cikakken lasisi.