Gwal ɗina ya dushe, zoben azurfa ya yi baƙi: da me ake wanke su a gida?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar gwal ku taimaka. Ina da sarƙa da 'yan kunne na kayan lefena, an buga 875 a jikin maƙalin sarƙar. Duk sun dushe, ƙyallin ya tafi, bayan 'yan kunnen kuma ya tara wani datti mai maiƙo. Zobe ɗaya ma wani farin tabo ya fito masa kamar azurfa, har na fara zargin ko ba gwal ba ne. Akwai kuma zoben azurfa na maigida da ya yi baƙi ƙirin, da murjanin da na gada wajen mahaifiyata. Wata ta ce in goge su da makilin, wata ta ce in jiƙa a Hypo, wata kuma lemon tsami da toka. Wanne zan bi?

Maƙerin Fari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Cikin ukun nan kada ki bi ko ɗaya. Kuma kada ki haɗa kayan a kwano guda, don abubuwa uku ne daban, kowanne da wankinsa.

Lambar 875 tana nufin karat 21, wato cikin kashi 1000 kashi 875 zinari ne, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da aka haɗa don ya yi ƙwari. Shi ne irin wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai. In kin ga 750 karat 18 ne, 916 kuma karat 22. Zinari a karan kansa ba ya tsatsa, ba ya baƙi. Dushewar da kike gani ba ta cikin ƙarfen ba ce, man shafawa ne da humra da hayaƙin turaren wuta da gumi suka kwanta a kai, ƙura ta zo ta manne. Maiƙo ne kawai, kuma sabulu ke cire maiƙo.

Ki samu ƙaramin kwanon roba, ki zuba ruwan ɗumi kofi ɗaya, ɗumin da za ki iya barin yatsa a ciki. Ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, irin su Morning Fresh, ɗigo uku ko huɗu. Ki sa sarƙar da 'yan kunnen su jiƙa minti 15 zuwa 20. Jiƙon shi ne aikin, ba gurzawa ba. Bayan nan ki ɗauki buroshin haƙori na jarirai, sabo, mai laushi, ki bi lungu-lungu a hankali: cikin maƙali, bayan fulawar ɗan kunne, sandar da ke shiga kunne, da murfinta. Sarƙa kuwa ki shimfiɗa ta a tafin hannu ki goge ta kwance, kada ki riƙe gefe ɗaya kina ja, haka siraran ke miƙewa su tsinke. Ki ɗauraye a wani kwanon na ruwa mai tsabta sau biyu. A kwano fa, ba a bakin famfo ko rariya ba, murfin ɗan kunne in ya suɓuce ya tafi kenan. Sai ki tsane da tsohuwar singileti ta auduga, ki bar su a kan wani ƙyallen su sha iska kafin ki adana.

Yanzu dalilin hana ki waɗancan. Makilin yana da ɗan gari a ciki wanda aka yi don kankare haƙori, kuma haƙori ya fi gwal tauri nesa ba kusa ba. Ranar farko za ki ga ya yi haske, amma kin yi masa dubban ƙananan karce, kuma nan ne datti zai riƙa zama daga baya. Toka ta fi muni, don akwai yashi a cikinta. Hypo kuwa shi ne babban maƙiyin gwal. Sinadarin kulorin da ke ciki ba ya barin jan ƙarfe da azurfar da aka haɗa da zinarin, yana cin su, musamman a wuraren da aka yi walda. Ido ba zai gani ba, sai wata rana maƙali ya karye ko haƙorin da ya riƙe dutse ya ɓalle ba tare da an buge shi ba. Karat 18 ya fi saurin cutuwa saboda haɗinsa ya fi yawa. Don haka ko wanki za ki yi da Hypo, ki cire zobe tukuna.

Anti Dillaliya:
Malam ya gama magana a kan wanki. Ni farin tabon nan ne ya tsaya mini, 'yar'uwa. Ki duba man da kike shafawa. Wasu mayuka da sabulan bilicin suna ɗauke da zaiba, sinadarin nan da masu haƙar zinari a Zamfara ke kama gwal da shi daga cikin ƙasa. Hukumar NAFDAC ta hana sa shi a kayan shafa, amma har yanzu ana samu a kasuwa, kuma galibi ba sa rubutawa a jikin kwalba. Da zaiba ta taɓa gwal sai ta shige shi, wurin ya yi fari ya kuma yi gautsi. Haka ma in ma'aunin zafin jiki na gilashi ya fashe a kusa. Wannan tabon sabulu ba ya fitar da shi. Maƙera da wuta suke kore shi, amma don Allah kada ki gwada a kan risho ko gas a gida, tururinsa guba ne, ga yara a ɗaki. Ki ware zoben a leda shi kaɗai kada ya shafa wa sauran, ki kai wa mai gyara.

In kuma ba kya amfani da irin waɗannan mayukan, abu biyu ya rage. Ko zoben ya daɗe yana gogar na azurfa a yatsa ɗaya ko a gwangwani ɗaya, wannan a sama yake, goge shi da ƙyalle zai rage shi. Ko kuma ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe ya fara ɗayewa. Alamar wannan, farin yana fitowa ne a inda ya fi gogayya, ƙasan zobe da gefuna. Maganaɗisu ba ya raba gardama, don tagulla ma ba ya kama ta. Lamba ma ana bugawa a jabu. Masu gwal za su goga shi a baƙin dutse su ɗiga ruwan gwaji, minti biyu kin san matsayinki.

Kuma duk abin da za ki bari a shago, a ɗora shi a sikeli a gabanki, a rubuta giram ɗinsa har da lamba biyu na bayan ɗigo, a sake aunawa ranar karɓa. Gogewar inji tana cin ɗan ƙarfe kaɗan, wannan dole ne, shi ya sa ba a yin ta kowane biki. Amma in aka ce miki wanki kawai aka yi, bai kamata nauyi ya sauka yadda za a lura ba.

Ummu Khairat:
To ni dai abin da na sani ana tafasa gwal da Omo a tukunya, kuma yana fita tas. Meye aibunsa?

Maƙerin Fari:
Yana fita Hajiya, ban musa ba. In gwal ne zalla, babu dutse babu fenti, tafasa ba ta yi masa komai. Matsalar ita ce yawancin kayan yanzu ba zalla ba ne. Ƙananan duwatsun nan masu ƙyalli wasu da gam aka liƙa su, zafi yana sake gam ɗin, ki sauke tukunya ki tarar da su a ƙasa. Kayan Indiya masu ja da kore a jiki, zafin farat ɗaya yana tsattsaga kalar. Awarwaro masu ƙaton jiki kuma mafi yawansu holoƙo ne, ruwan Omo yana shiga ta 'yar huda ya zauna ciki, daga baya ya riƙa tsattsafowa yana sa hannu ƙaiƙayi. Ga shi suna buguwa da gindin tukunya su lotse. Tunda ruwan ɗumi yana yin aikin, ban ga ribar kasadar ba.

Na manta azurfar maigida. Ita baƙinta na gaske ne, ba datti ba. Azurfa tana haɗuwa da farar wuta da ke cikin iska da gumi, da ƙwai da albasa, da wasu sabulan ƙuraje, har da robar ɗaure kuɗi, sai ta yi baƙar fata a sama. A shimfiɗa takardar alminiyom ta gasa kifi a kwano, a ɗora zoben ya taɓa ta sosai, a barbaɗa bekin soda cokalin cin abinci ɗaya, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya. Bekin soda na ce, ba bekin foda na kek ba. Za ki ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin ne yake barin azurfa yana komawa kan alminiyom. Minti biyu zuwa biyar, a cire, a ɗauraye, a goge. Wannan ya fi gurza, don ba ya cin ƙarfen.

Sai dai sharaɗi biyu. In zoben yana da dutse, aƙiƙ ko firuza, kada a yi masa haka, a goge ƙarfen kawai da ƙyallen goge azurfa. Firuza tana shan ruwa da mai ta canja kala. In kuma aikin Buzaye ne irin na Agadas, mai zane da baƙi a cikin layukan, wannan baƙin da gangan aka bar shi don zanen ya fito. Wankin alminiyom zai share shi, zoben ya koma fari fat babu fasali. Irin wannan saman kawai ake gogewa.

Hajiya Mai Murjani:
'Yata, murjanin nan shi na fi ji. Kada lemon tsami ko tsamiya ko ruwan kal su kusance shi. Murjani daga teku yake, jinsinsa ɗaya da alli da ɓawon ƙwai, tsami narkar da shi yake yi. Fuskar ta yi fari-fari ta yi kaushi, kuma ba ta dawowa. Ba a jiƙa shi ma ko a ruwan sabulu, don yana da ƙananan ƙofofi, kuma zaren da aka shirya shi in ya sha ruwa ruɓewa yake daga ciki. Ƙyalle mai laushi za ki ɗan jiƙa da ruwa zalla ki matse sosai, ki bi ƙwaya-ƙwaya, ki shanya a inuwa a kwance. In zaren tun na mahaifiyarki ne, ki sa a sake shiryawa da sabo, a ƙulla tsakanin manyan ƙwayoyin, ko ya tsinke a gidan biki ɗaya ce za ta faɗi.

Ga abin da zai rage miki wankin gaba ɗaya: ki gama shafa mai, ki sa humra, ki turara kaya, jiki ya sha, sannan ki sa gwal da murjani. In kin dawo su ne farkon cirewa. Da hunturu kuma kada ki ɗauki sarƙa mai ƙura ki hau murza ta da busasshen ƙyalle, ƙurar nan yashi ce, ta fi gwal tauri. Ki fara ɗauraye ta. Wajen ajiya kowanne da 'yar jakarsa, a maƙale sarƙa kafin a sa ta don kada ta harɗe. Cikin na azurfa ki jefa guntun alli ko 'yar ledar nan mai ƙwayoyi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, tana shanye danshin damina.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Man da nake shafawa kam zan duba shi. Tambaya ta ƙarshe: sau nawa ya kamata in riƙa wankewa, kuma 'yan kunnen da nake kwana da su fa?

Maƙerin Fari:
Na kullum, sau ɗaya a wata ya isa. Na biki kuwa ki goge su da ƙyalle duk ranar da kika cire, wanki sai kin ga sun buƙata. 'Yan kunnen kwana ki cire su duk sati, ki goge sandar da murfin da auduga da ɗan sifirit na kemis, ki bari su bushe, shi ke kashe warin. Sifirit ɗin ga ƙarfe kawai, ban da murjani da duk dutsen da aka liƙa da gam. In mai dutse ne, kafin ki mayar ki kai shi kusa da kunne ki ɗan ƙwanƙwasa da farce. In kin ji yana motsi, haƙorin ya saki, kada ki sa buroshi a wurin, ki kai a matse shi tukuna.